Hasumiyar Big Ben ta Landan: da gaske da kwabo ake saita agogonta?

Ɗan Ƙofar Mata:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu gyaran agogo da masana tarihi. Hasumiyar agogon nan da ke jikin Majalisar Dokokin Birtaniya a bakin kogin Thames, wadda kowa ke kira Big Ben, ana cewa har yau injin da aka ɗora tun zamanin Sarauniya Victoria ne ke aiki a cikinta, kuma wai idan agogon ya yi gaba ko ya yi baya, tsofaffin kwabbai ake ɗora masa ko a rage. Gaskiya ne, ko labari ne na masu yi wa baƙi jagora? In gaskiya ne, ta yaya kwabo ɗaya zai taɓa injin da nauyinsa ya kai tan da yawa? Na biyu, wanda ya kasa kunne da kyau zai ji muryar babbar ƙararrawar ba ta fita tas, akwai ɗan gargada a ciki. Me ya jawo? Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Agogo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Maganar kwabo gaskiya ce, babu ƙari a ciki. Amma sai ka san yadda injin yake kafin ka ga inda kwabon ya shigo.

Agogon nan ba batir gare shi ba, ba kuma sifirin irin na agogon hannu mai wani. Nauyi ne ke tafiyar da shi. Akwai dunƙulen ƙarfe uku rataye da igiyar waya a cikin wani dogon rami da ya bi cikin hasumiyar, kowace igiya naɗe a jikin gangarta. Kamar cikakken guga a rijiya, in aka sake shi sai ya ja igiya ya juya abin da aka naɗe ta a kai. Nauyi ɗaya na tafiyar da lokaci, ɗaya na bugun awa, ɗaya na ƙananan ƙararrawa huɗu da ke kaɗawa duk minti 15. Jerin giya uku ke nan, zaune a kan gado ɗaya na ƙarfen zubi mai tsawon mita 4.7, injin duka kimanin tan 5. Sau uku a mako ake yi masa wani, wato a naɗe igiyoyin a mayar da nauyin sama, Litinin, Laraba da Juma'a. Jerin lokaci da hannu ake naɗe shi, sauran biyun da suka fi nauyi an sa musu injin lantarki tun 1912. Akwai kuma wata dabara a jikin gangar lokaci da ke ci gaba da tura giya yayin da ake wani, don in babu ita, duk ranar wani sai agogo ya yi asarar lokacin da aka ɗauka ana naɗi.

Abin da ke auna lokacin shi ne sandar lilo. Tsawonta mita 4.4, nauyinta wajen kilo 300, kuma duk zuwa ɗaya sakan 2 take ci. Shi ya sa in ka zuba wa dogon hannun agogon ido za ka ga yana ɗan zabura duk sakan 2, ba tafiyar ruwa yake yi ba. Ƙa'idar lilo ita ce: yawan nauyin dunƙulen ba shi ke yanke sauri ba, nisan da ke tsakanin maratayi da inda nauyin ya taru shi ne magana. Nisan ya ragu, lilo ya yi sauri. Ya ƙaru, lilo ya yi nawa.

To yi lissafi. A lilo irin wannan, milimita 1 kacal in aka rage, agogo zai yi gaba da kusan sakan 11 a yini. Wanda ke neman gyaran rabin sakan ba zai same shi da juya noti a gindin sanda ba, ga shi kuma da ka kama notin ka ɓata lilon. Saboda haka aka yi wata 'yar kanta a jikin sandar can sama. In aka ɗora tsohon kwabon Ingila, irin wanda suka daina kashewa a 1971, mai nauyin giram 9.4, sai cibiyar nauyin ta ɗaga sama kaɗan ƙwarai, agogo ya ƙara sauri da sakan 0.4 a yini. A cire kwabo ɗaya, ya rage sauri da haka. Kuma ana yi lilo na tafiya, ba a tsayar da komai.

Abu biyu ne ake gyarawa da kwabban, masu koyo kan haɗa su. Akwai kuskuren da ya riga ya taru, akwai kuma saurin tafiyar kanta. In agogo ya yi baya da sakan 2 amma tafiyarsa daidai take, kwabo 5 na yini ɗaya ya biya bashin, sai a kwashe su. In kuwa kullum yana asarar sakan 0.4, kwabo ɗaya za a ɗora a bar shi nan.

Zafi ma yana da nasa. Sandar ƙarfe zalla tana miƙewa da zafi, kowane digiri ɗaya na jawo asarar kusan rabin sakan a yini. Don haka aka haɗa sandar da bututun tutiya a cikin na ƙarfe. Tutiya ta fi ƙarfe miƙewa fiye da ninki biyu, an kuma kafa ta yadda take tura dunƙulen sama yayin da ƙarfe ke kai shi ƙasa, sai su kashe juna. Ɗan abin da ya saura shi kwabo ke sharewa.

Amma a ganina abin da ya fi kwabo cancantar a yi magana a kai shi ne sashen kama-saki, wato inda giya ke haɗuwa da lilo. A agogon bango na gida, haƙorin giya ne ke tura lilo kai tsaye. Wannan ba zai yi a hasumiya ba, domin hannuwa takwas suna waje, iska na tura su, ƙanƙara na danne su, kuma duk wannan yana komawa ta giya har jikin lilo. Edmund Beckett Denison, wanda ya zana injin, ya raba su. Ya sa hannu biyu na ƙarfe, ɗaya a kowane gefen sandar lilo. Aikin giya kawai ta ɗaga hannun zuwa wani tsayi da ba ya canzawa, sai ta kulle. Lilo ya zo ya taɓa hannun, kulle ya buɗe, hannun ya biyo lilo da nauyin kansa yana tura shi. Ke nan ko iska ta yi ƙarfi ko ta kwanta, turin da lilo ke samu ɗaya ne. Ƙafafun da ke kullewar guda shida ne, uku-uku a faifai biyu, kuma duk bugu suna juya kashi ɗaya cikin shida na zagaye. Cutar wannan tsari guda ce: in ƙarfin giya ya yi yawa, takan cilla hannun sama fiye da kima, ƙafa ta wuce makullinta, agogo ya tsallake bugu ya yi gaba. Maganinta 'yar fanka da aka ɗaura a kan sandar faifan, tana kama iska tana rage zafin juyin.

Malamin Tarihi:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, bayani ya fita. Bari in ɗora da yadda aka kai ga ginin, don tsananin da Baba ya kwatanta sharaɗi ne aka gindaya tun kafin a ƙera ko noti ɗaya.

Ranar 16 ga Oktoba 1834 gobara ta cinye tsohuwar Fadar Westminster, wato ginin majalisar. Sandunan katako ne da baitulmali ke lissafi da su a da aka ce a ƙona, ma'aikata suka cika murhun da ke ƙarƙashin zauren Majalisar Dattawa da su, wuta ta kama. Charles Barry ya ci gasar zana sabon ginin, Augustus Pugin kuma ya taya shi, kuma fasalin hasumiyar hannun Pugin ne. Ya rasu a 1852 bai ga an gama ta ba. An sa harsashinta a 1843, aka kammala a 1859. Tsayinta mita 96, jikinta jan bulo ne da aka lulluɓe da dutse, rufin sama kuma ƙarfen zubi. Matakala 334 ake hawa kafin a kai ɗakin ƙararrawa.

A 1846 George Airy, shugaban ɗakin nazarin taurari na Greenwich, ya rubuta sharuɗɗan agogon. Babba a ciki: bugun farko na kowace awa kada ya kauce wa lokaci fiye da sakan ɗaya, kuma a ja wayar tangaraho zuwa Greenwich a riƙa duba shi sau biyu a yini. Maƙeran agogo da yawa na lokacin sun ce ba zai yiwu ba a agogon da hannuwansa ke cikin iska. Denison da Baba ya ambata lauya ne, sha'awa ce ta kai shi ga agogo, shi ya zana injin. Edward John Dent ya karɓi kwangilar ƙerawa a 1852, ya rasu a 1853, agolansa Frederick Dent ya ƙarasa a 1854. Hasumiyar ba ta shirya ba, sai injin ya yi shekara biyar yana aiki a masana'antar Dent, kuma a wannan jiran ne Denison ya samu sarari ya gwada ya kyautata kama-sakin. Agogon ya fara tafiya a hasumiya ranar 31 ga Mayu 1859.

Ɗan Ƙofar Mata, ka lura da suna. Big Ben asali sunan babbar ƙararrawar ne. Hasumiyar, Hasumiyar Agogo kawai ake ce mata a hukumance har 2012, lokacin da aka sa mata sunan Sarauniya Elizabeth ta Biyu don cikarta shekara 60 a sarauta. Mafi rinjayen zance shi ne ƙararrawar ta ci sunan Sir Benjamin Hall, kwamishinan ayyuka na lokacin.

Abin da ya mai da ita alamar gari bai tsaya ga tsayi ba. A saman ɗakin ƙararrawa akwai fitila da ake kunnawa duk daren da majalisa ke zama, mutumin Landan ya ɗaga kai ya san wakilansa ba su tashi ba. A ƙasa akwai ɗakin da a da ake tsare ɗan majalisar da ya saɓa, wanda aka kwana da Charles Bradlaugh a ciki a 1880 kan rikicin rantsuwar kama aiki. Sai rediyo: BBC ta fara watsa bugun a daren shiga 1924, daga nan muryar ta fita duniya. A daren 10 ga Mayu 1941 bama-baman Jamus suka rushe zauren Majalisar Wakilai, hasumiyar ta samu rauni, gilashin fuska ya farfashe, amma agogon bai tsaya ba.

Maƙerin Zubi:

Sannunku malamai. Ni tambaya ta biyu zan ɗauka. Kunnenka bai yi ƙarya ba, Ɗan Ƙofar Mata: ƙararrawar tsagaggiya ce, kuma a haka take bugu tun 1863.

Ita ce ma ta biyu. Ta farko kamfanin John Warner ya zuba ta a Stockton-on-Tees a watan Agusta 1856, tan 16. Aka rataye ta a farfajiyar fada ana gwaji, ta tsage a Oktoba 1857. Aka farfasa ta aka sake narkawa a maƙerar Whitechapel, ƙarƙashin George Mears, ranar 10 ga Afrilu 1858. Wannan ta fito tan 13.7, tsayi mita 2.2, faɗin baki mita 2.7. Ta fara bugu a hasumiya ranar 11 ga Yuli 1859, zuwa Satumba ta tsage ita ma.

Ƙarfen ƙararrawa jan ƙarfe ne da kuza. Kuza ke ba da taurin da ke sa amo ya daɗe yana tashi, amma gwargwadon yawanta gwargwadon gautsin ƙarfen. Denison ya nemi kashi 22 na jan ƙarfe da kashi 7 na kuza, wato kuza ta kusa kai rubu'i, bakin iyaka ke nan. Ga kuma matsalar girma: zubin tan 13 ba ya hucewa lokaci ɗaya, waje na daskarewa ciki na nan da zafi, sai kuza ta fi taruwa a wani wuri, ƙananan ramukan iska su ɓuya a wani. Irin wannan wurin ba ya jure dukan da ya wuce kima. Ƙararrawar ba lilo take yi ba, a kafe take, guduma ce ke dukanta daga waje a wuri ɗaya, awa bayan awa. Mears ya ce gudumar da Denison ya sa ta ninka abin da maƙera suka yarda da shi fiye da sau biyu. Denison ya ce zubin ne mara kyau, ya faɗa a fili, har Mears ya kai shi kotu kan ɓata suna. Ni a nawa ganin kowanne na da kaso, amma guduma ce ta ƙarasa aikin.

Shekara huɗu babbar tana shiru, mafi girma cikin ƙananan huɗun ce ke buga awa. Sauko da ita a sake zubi na nufin a kwance injin agogon da ke zaune a kan hanyar da aka hau da ita. Gyaran da Airy ya ba da shawara a 1863 mataki uku ne. Aka juya ƙararrawar don guduma ta sami lafiyayyen wuri. Aka sa guduma mara nauyi, ta yanzu kilo 200 ce. Aka kuma yanke ɗan gurbi mai kusurwa huɗu a jikin tsagar. Wannan na ukun duk mai aikin ƙarfe ya san shi: tsaga a bakinta mai tsini take ci gaba, don nan ƙarfin duka ke taruwa, in ka buɗe wurin sai ƙarfin ya bazu, tsaga ta tsaya.

Gargadar da kake ji daga nan take. Lafiyayyar ƙararrawa kowane gefe nata daidai yake da ɗan'uwansa, sai ta yi rawa da murya ɗaya. Mai tsaga takan ba da amo biyu masu kusanci da juna, suna haɗuwa suna rabuwa, kunne ya ji kamar muryar na kaɗawa.

Ɗan Ƙofar Mata:

Madalla, Allah ya ƙara sani. To in bom bai tsayar da shi ba, ke nan bai taɓa tsayawa ba? Kuma me ya sa aka ji shi shiru shekarun baya?

Injiniya Uwar Gida:

Ya tsaya, Malam, ba sau ɗaya ba. Kuma in ka bi tarihin tsayawar za ka ga kusan duk daga hannuwa ne ko daga jerin bugu, sashen da Baba ya yaba da wuya ya ba da matsala.

Fara da hannuwa. Kowace fuska faɗinta kusan mita 7. Dogon hannu ya haura mita 4, gajeren mita 2.7. Na farko da aka ƙera da ƙarfen zubi sun yi wa injin nauyi, sai da aka sauya, dogayen yanzu fallen jan ƙarfe ne mai rami a ciki, kimanin kilo 100 kowanne. Hannu mai wannan tsawo, ɗan nauyi a bakinsa babban kaya ne a gindinsa, musamman daga minti 30 zuwa 60 lokacin da yake hawa. A 1949 garken tsuntsaye ya sauka a kan dogon hannu ya ja agogon baya da minti huɗu da rabi. A daren shiga sabuwar shekara a 1962 ƙanƙara ta taru a hannuwan, bugun sha biyu ya makara da kusan minti 10. Kama-sakin yana kare lilo daga ƙaramin nauyi, amma in kaya ya fi ƙarfin giya gaba ɗaya, ba abin da zai ɗaga hannun da ke tura lilon.

Mafi muni ranar 5 ga Agusta 1976 ne, wajen ƙarfe 3:45 na dare. Jerin ƙananan ƙararrawa yana da babbar fanka da ke zama birkinsa, ita ke hana nauyin da ya haura tan ɗaya zubowa ƙasa a guje. Sandar da ta haɗa giya da fankar ta karye. Birki ya tafi, nauyin ya sake, ganga ta yi ta juyi har ta ɓalle, ƙarafuna suka tarwatse a ɗakin, gadon injin ya tsage. Dalili gajiyar ƙarfe ce. Sau huɗu a awa ana murɗa wannan sanda a sake ta, shekara 117, kusan sau miliyan 4 ke nan. Irin wannan tsaga daga ciki take tafiya, ido ba ya ganinta sai ranar da ta gama. Sai a Mayu 1977 aka kammala gyara.

Shirun da kake tambaya na babban gyara ne. An tsayar da bugu ranar 21 ga Agusta 2017, aka dawo da shi yadda aka saba a Nuwamba 2022. Dole a yi shiru, domin ƙarar a kusa ta kai desibel 118, ba a barin ma'aikaci kusa da wannan. Ruwa ne babban abokin gaba: ya shiga ta mahaɗan rufin ƙarfe, tsatsa ta kumbura, kuma ƙarfe mai tsatsa a cikin dutse fasa dutsen yake yi. Aka kwance rufin, guda 3,433, aka gyara kowanne aka mayar. Aka sauya gilashin fuskoki, guda 324 a kowace fuska. Da aka kankare baƙin fenti sai aka tarar asalin launin hannuwa da lambobi shuɗi ne, aka mayar da shi. Injin kuwa an kwance shi gaba ɗaya, sassa sama da 1,000, aka kai wa Cumbria Clock Company a arewacin Ingila. An fara da ƙiyasin fam miliyan 29, aka ƙare a wajen miliyan 80, saboda sai da aka buɗe aka ga ɓarnar bom ta 1941, da asbestos, wato kayan gini mai ƙurar da ke cutar da huhu, da fenti mai dalma.

A lokacin gyaran injin lantarki ne ya riƙa juya hannuwan fuskar da aka bari a buɗe, don haka ba wai ba za a iya ba ne. Agogon hasumiyar Makka, mai fuska mita 43, lantarki ke juya shi. Amma na goyi bayan mayar da tsohon injin. Giyar ƙarfe ko ta karye, maƙeri zai auna ta ya zuba wata bayan shekara ɗari, abin da ba za a ce game da allon lantarki ba.

Ƙari ɗaya: hasumiyar ta ɗan karkata arewa maso yamma, kimanin digiri 0.26, wato ƙasa da rabin mita a ƙololuwa. Ƙasar wurin yumɓu ce, an kuma haƙa ramin jirgin ƙasa na layin Jubilee dab da ita a shekarun 1990. Yayin haƙar an riƙa ɗura siminti ta bututu a ƙarƙashin harsashin gwargwadon yadda ƙasa ke zaunawa, ana auna motsin ginin.

Baba Mai Agogo:

Injiniya ta gama magana, Allah ya yi albarka. Saura mai son saita agogonsa da bugun. Ƙananan ƙararrawa kan yi amo 4 a kwata, 8 a rabi, 12 a saura kwata, 16 kafin awa. Waɗannan 16 share fage ne, awa na cika ne a kan bugun farko na babbar, ba na ƙarshe ba. Sauti na tafiyar mita 343 a sakan, don haka wanda ke tsaye kilomita ɗaya daga hasumiyar yana jin bugun bayan kusan sakan 3, mai rediyo a wani gari ya riga shi ji. Amma kada a saita da abin da aka saurara ta intanet, wannan yakan makara da sakan da yawa.

A kuma kula da bambancin lokaci. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogon Landan daidai yake da na Kano da Zinder, yana gaban na Kumasi da awa ɗaya. Sauran watannin kuma daidai yake da na Kumasi, Kano da Zinder na gabansa da awa ɗaya. A daren canjin sukan kashe fitilun fuskokin, su hana ƙararrawa bugu, su kai hannuwa kan sha biyu su tsayar, su yi amfani da wannan sarari su duba giya su sa mai, sannan su saki agogon daidai sha biyun sabon lokaci.